Na Nemi Shaiɗan a Gidan Wasu, Ashe Yana Ɗakina

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce, uwar 'ya'ya uku, ina sayar da hatsi a Kaduna. Na daɗe ina jan ƙafa kan ba da wannan shaida, don akwai mutanen da za su gane kansu a ciki ko ban kama suna ba. Sai da na nemi izinin wadda abin ya fi shafa, ta ce in faɗa, ko wata za ta tsira.

An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, jihar Katsina. Kakana Bamaguje ne. Yana da kan gida inda ake yanka kafin a fita shuka, kakata kuwa 'yar bori ce. Babana ya karɓi bishara tun yana saurayi, ya shiga ajin karatun manya na coci don kawai ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa da idonsa. Ranar da za a yi masa baftisma ya tara layu da guraye da duk abin da aka ɗaura masa tun yana jariri, ya cinna musu wuta a bayan gida. Wannan labari da shi aka raine mu. Saboda haka na tashi da sanin cewa Shaiɗan yana nan, kuma na san inda yake zama: cikin laya, gindin tsamiya, ɗakin boka. Tun da ba na zuwa ko ɗaya daga cikin wuraren nan, ina ganin ni da shi mun raba gari. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa tun ina yarinya a cocinmu na ECWA, ayoyin haddacewa ba a taɓa kayar da ni ba.

Na yi aure a 1996. Mijina ɗan ƙauyen da ke kusa da namu ne, yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Mun fara zama a Tudun Wada, sai rikicin Fabrairun 2000 ya tashe mu, muka ƙetare kogin Kaduna kamar dubban mutane. Duk Bahaushe Kirista da ya ga wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Harshenka da suturarka suna sa wannan ɓangare ya zarge ka, addininka yana sa wancan ya zarge ka. Allah ya fisshe mu. Daga baya masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa. Mijina ya koma achaba, ni kuma na fara aunar masara da dawa da gero da wake. Ba mu da abin hannu da yawa, amma ba a kwana da yunwa a gidanmu, kuma ba a kwana ba a yi addu'a ba.

A 2012 ya fara ramewa. Idanunsa suka yi ɗorawa, ƙafafu suka kumbura, ciki ya yi tulu har riga ba ta rufe shi. Likita ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa, kuma tana iya shekaru masu yawa a jikin mutum ba alama, sai ta gama cin hantar. Ya rubuta mini takarda, ya ce lalle ni da yara mu je a gwada jininmu. Na ninke ta na tura cikin Littafin Waƙoƙi. Da damina mijina ya cika.

Mun kai shi gida aka binne. A wurin zaman makoki yayarsa, wadda ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta faɗi magana a gaban mata. Ta ce an kai mata ƙane birni an cinye shi. Ban ce komai ba, amma maganar ta shige ni har ɓargo. Kafin in bar ƙauyen kuma aka nuna mini cewa gonar mijina ta koma hannun 'yan'uwansa. Na dawo Kaduna da yara uku, da kuɗin haya a wuyana, da bashin asibiti.

Wata maƙwabciyata ce ta ga yadda nake kwana kuka, ta ce in zo ta kai ni wurin wani bawan Allah mai gani. Ban ɗauka ina yin wani laifi ba. Ba boka ba ne, Littafi Mai Tsarki ne a hannunsa, sunan Yesu yake kira, ana waƙoƙin da na sani. Ɗaki ne na kwano a bayan wata unguwa, cike da mata irina. Da layi ya zo kaina ya dafa mini kai, ya yi shiru, sannan ya ce, “Mutuwar mijinki ba ta Allah ba ce. Ina ganin wata mace a danginsa, ta girme shi. Ta ba shi abu ya ci.” Jikina ya ɗauki rawa. A Kirsimetin da ya wuce Yaya ta aiko masa da dambu da man shanu, shi kaɗai ya ci don yana sonsa. Yau idan na tuna, wane gida ne a ƙasar Hausa babu mace babba da ta taɓa ba ɗan'uwanta abinci? Amma a ranar, abin da zuciyata take so ta ji ke nan. Ƙwayar cuta ba ta da fuskar da zan tsana. Yaya tana da ita.

Daga nan rayuwata ta koma yaƙi. Ranar Lahadi da safe ina cocinmu, daren Juma'a ina can. Aka sayar mini da man zaitun a ƙaramar kwalba, ina shafa wa ƙofa da goshin yara. Aka ce in riƙa tashi ƙarfe goma sha biyun dare, lokacin da mayu ke taro, in kira sunanta in aika mata wuta. Na yi. Ina tsaye tsakar ɗaki, gumi na zuba, ina cewa ta mutu, ta bushe, abin da ta yi ya koma kanta. Ina yin azumi a kan haka. A raina ban taɓa kusantar Allah kamar wannan lokaci ba, don ban taɓa yin addu'a mai zafi haka ba.

Yaya ta aiko da saƙo ta hannun wani direba bayan kaka, daddawa da ƙuli-ƙuli da kuka a ƙulle cikin leda. Yara suna tsalle. Na fizge na kai bola, na zuba kananzir na ƙone, suna kallo. Na hana su ambaton sunanta. Lambar wayarta ma na goge.

Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya. A can gidan addu'ar kullum akwai abin biya: kuɗin mai, kuɗin karya la'ana, shuka iri. Cinikin hatsi ribarsa kaɗan ce. Wata rana na ɗauki muduna na kai wa wani mai gyaran tukwane, ya buga gindinsa ya ɗan shige ciki. Ido ba ya gani. Idan na tsoma shi cikin wake na tara masa tozo, mai saye yana murna an cika masa, bai san kowane mudu ya rage da kusan tafin hannu ba. Na fara cakuɗa tsohon wake da sabo, in sa mai kyau a sama. Akwai wata Hajiya mai ƙosai da take saye a wurina tun ina da faranti ɗaya, tana kirana ƙanwarta, ta zo mini gaisuwar mijina har gida. Ita ma da wannan mudu nake auna mata. Da dare ina ɗaure Shaiɗan, da rana ina cutar mai ƙosai, ranar taron Zumuntar Mata kuma in ɗaura zanen zumunta in ja waƙa. A gida kuwa na zama abin tsoro. Ƙaramin laifi sai duka. Babban ɗana ya daina zama idan ina nan.

Mu masu hatsi mun san ƙwaron wake. Ba ya yaga buhu. Tun daga gona yake shiga, ka ɗinke buhunka ka jingine, daga waje lafiya lau, ranar da ka buɗe sai gari. Haka na zama.

Fiye da shekara ina cikin wannan hali. Abin da ya tsayar da ni, bakin autata ne. Tana da shekara shida a lokacin. Mun zauna cin tuwon dare, na ce ta yi mana addu'a. Ta rufe ido ta haɗa hannu, ta ce, “Yesu, mun gode da abinci. Ka albarkaci Mama. Ka kashe Gwaggo da wuta. Amin.” Da muryar da take roƙon albarka, da ita ta roƙi kisa, ba ta ga bambanci ba. Yayyenta suka ce amin. Na kasa kai loma baki. Ashe duk daren da nake zaton tana barci, tana ji. Babana ya ƙone layu don kada 'ya'yansa su gaji tsafi, ni kuma ga abin da nake gadar wa jikarsa, da sunan Yesu a kai.

Ban san wurin wanda zan je ba. Kunyar Baba Fasto nake ji. Sai na tafi gidan wata tsohuwa a zumuntarmu, wadda kowa ke kira Mama. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya. Na same ta tana tsince shinkafa a tire. Na zauna a ƙasa na kwashe komai na faɗa mata, har da mudu. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina tsintar shinkafarta ba. Da na gama ta ce, “'Yata, wannan mutumin da ya ga yayar mijinki, ya ga mudunki?” Na ce a'a, Mama. Ta ce, “To ruhun da yake nuna miki zunubin wani kullum, bai taɓa nuna miki naki ba, ki bincike shi.”

Ta sa na ɗauko Littafinta, ta ce in buɗe Afisawa sura 4, aya 26 da 27, in karanta da ƙarfi. Wurin da Bulus yake cewa kada rana ta faɗi muna cikin fushi, kada mu ba Iblis ƙofa. Na haddace ayar nan tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa lura cewa fushi da ƙofar Iblis a jere suke ba. Ta ce in wuce sura 6 aya 12, inda aka ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce. Ta tambaye ni, “Yayar mijinki nama da jini ce ko ba ita ba ce?” Sannan ta tuna mini sunayen da Littafi ya ba Magabci: a Yahaya 8 uban ƙarya, a Wahayi 12 mai ƙarar 'yan'uwa. Ta ce aikinsa ke nan tun farko, ya yi ƙarya, ya kai ƙara, ya raba gida. Ta ce ba ta musun akwai ikokin duhu, ita ma a gidan tsafi aka haife ta. Amma ko da a ce Yaya ta yi abin da aka ce, Ubangijinmu bai bar mana izinin roƙa mata mutuwa ba, cewa ya yi mu yi wa maƙiyanmu addu'a.

Can sai ta ajiye tiren ta ce, “Likita bai ba ki takarda ba?” Na ce ya ba ni. Ta ce gobe da sassafe in zo da ita da yaran duka, ita za ta raka mu.

Ni da ƙananan biyu ba a same mu da cutar ba. Babban ɗana yana da ita. Ma'aikaciyar ta yi mini bayani cewa sai a 2004 aka shigar da allurar wannan ciwo cikin rigakafin yara a Najeriya, shi kuwa an haife shi kafin nan, kuma cutar tana iya bin jini a cikin gida, ta reza ko wani abu mai kaifi da aka yi tarayya. Na jingina da bangon asibitin ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Duk watannin da nake shafa masa mai a goshi ina aika wuta ƙauye, abin da ya kashe ubansa yana kwance a jininsa, takardar da za ta nuna mana kuwa tana cikin Littafin Waƙoƙi. Allah ya yi mana jinƙai, hantarsa ba ta taɓu ba tukuna. Tun daga lokacin yana zuwa ana duba shi a kai a kai.

Zuwa wurin Yaya ya fi komai yi mini wuya. Mama ta nuna mini Matiyu 5, inda Yesu ya ce idan ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Na yi ta kawo dalilai. Ai ita ta fara. Ai gonar tana hannunsu. Har na ƙi cin Jibin Ubangiji don na san ban isa ba, duk da haka ban tafi ba. Sai da kaka ta zagayo na shiga mota a Kawo, muka bi Zariya da Funtuwa, zuciyata tana cewa in sauka a kowace tasha.

Na same ta a tsakar gida tana sussukar gero. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Da ta gan ni ta tsaya da taɓarya a hannu, ba ta ce sannu ba. Na durƙusa na ce, “Yaya, na zo neman gafara. An ce mini ke kika kashe shi, na yarda, na yi ta roƙon mutuwarki.” Ta daɗe tana kallona. Sai ta jingine taɓaryar ta zauna a kan turmin da ke kife kusa da ita, ta ce, “Ni ma an ce mini ke ce.” Wani mai duba ne a ƙauyen gaba ya gaya mata, tun mijina yana kwance. Na ba ta labarin abin da likita ya ce, da na yaron. Ta rufe baki da gefen zane, ta ce haka babban wansu ya tafi tun suna yara, da kumburin ciki, aka ce sammu ne, har aka kori wata tsohuwa daga unguwar saboda shi. Muka yi kuka, ba na iya cewa wa ya fara. Da yamma ta dama mini fura, na sha. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya yi rawa kafin in kai ludayin baki. Tsoron da na shekara ina shayarwa bai mutu rana ɗaya ba.

Da na dawo na sayi sabon mudu. Na je wurin Hajiya mai ƙosai na faɗa mata gaskiya, na auna mata wake na ce ramuwa ce. Ta ce ta lura tuntuni ƙullunta yana raguwa, ta yi shiru ne saboda marayu. Wannan magana ta fi mari zafi. Har yau a wurina take saye.

Mutane sukan tambaye ni yanzu yadda nake tsare kaina, suna jiran in ba su wata addu'a ta musamman. Ba ni da ita. Da asuba kafin kowa ya fita muna karanta sura ɗaya tare, mu yi Addu'ar Ubangiji, kuma idan muka zo wurin roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, nakan tsaya in tambayi kaina ko akwai sunan da ya maƙale mini a wuya. Sau da yawa akwai. Idan na yi faɗa da wani, ina ƙoƙari kafin magariba in neme shi, ko da ta waya ce, ko da ɗana ne na cikina. Ba kullum nake iyawa ba, amma na daina barin fushi ya kwana ya tashi ya zama ɗan gida. A zumunta idan aka fara “ku taya wance da addu'a, kun ji abin da mijinta ya yi?” nakan ce mu yi addu'ar yanzu, labarin ya tsaya nan. Wasu sun ji haushina a kan haka. Bidiyoyin masu gani da ake turowa a WhatsApp, waɗanda ke cewa maƙiyinka yana cikin danginka, ba na buɗewa, don na san raunina. Duk maganar da aka ce daga Allah take, idan na ji tana sa ni ƙin wani mutum ko tana neman kuɗi kafin a yi mini addu'a, sai na kai ta gaban Littafi da gaban dattawan ikilisiya.

Bitrus ya ce mu natsu mu zauna a faɗake, don Magabci yana zagayawa kamar zaki mai ruri. Ni a kasuwa na fi jin zagayensa. Da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya ninka, buhu ya yi tsada, jarina ya kusa karyewa. Wata rana ina zaune ba ciniki, tunanin mai gyaran tukwanen nan ya dawo mini sarai, har da hanyar shagonsa. Muryar ba ta zo da ban tsoro ba. Cewa take, kowa yana yi, ke gwauruwa ce, ga kuɗin asibitin yaro, Allah zai gane. Na tashi na bar rumfar a hannun maƙwabciyata, na je bayan kasuwa na kira Mama, na ce ta yi addu'a da ni yanzu-yanzu. Ta yi. Ranar ban sayar da abin kirki ba, kuma watan ya yi mana tsanani ƙwarai, har muka rage cin abinci. Amma mudun yana nan yadda na saye shi.

Maganar gona ba ta ƙare yadda nake so ba. Yaya ta tsaya mana har ana aiko wa yara wani kaso na amfanin bayan kaka. Ita ma ta je an gwada ta, ta kuma tura 'ya'yanta. Autata takan yi hutu a wurinta yanzu. Amma ƙanin mijina, wanda gonar ke hannunsa, har yau ba ya amsa gaisuwata. Duk Kirsimeti ina aika masa saƙo, ba ya mayarwa. Akwai ranakun da idan na tuna shi nakan ji tsohuwar wutar nan tana motsi a ƙirjina, kalmomin da na koya a ɗakin kwanon nan suna zuwa bakina da kansu. Ina roƙonku, 'yan'uwa, ku sa ni a addu'a a kan wannan bawan Allah, ku kuma sa ɗana, don watan gobe zai koma a sake duba hantarsa.